Curin Man da Ke Bayan Randa

Da Iya, uwar mijina, ta rasu, matan Fagge suka cika mana gida har aka rasa inda za a shimfiɗa tabarma. Wasu daga Kwaciri, wasu daga Rijiyar Lemo, wasu ma ban taɓa ganin fuskarsu ba. Kowace ta durƙusa ta ce, "Ya haƙuri? Ashe Iya lokaci ya yi." In ce, "Da godiya," har bakina ya bushe.

Wata tsohuwa ta ce Iya ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Na sunkuyar da kai, don wallahi ƙarya ce, ko da a gidan makoki aka yi ta. Iya akwai faɗa, ni na sha shi shekara da shekaru. Wata ta ce duk 'ya'yanta da man Iya aka gasa musu cibiya, wannan kam gaskiya ce. Wani dattijo ya aiko daga zaure a gaya mana wai tun da ya san man Iya faso bai ƙara tsaga masa dunduniya ba, yanzu ina zai sa kansa? Mata suka fara dariya, sai suka tuna inda suke suka gimtse.

Ni ko hawaye ban yi ba. Ba taurin zuciya ba ne, gajiya ce. Tun farkon damina nake jinyarta har bazara ta sake kamawa, ƙashin bayana kamar ba nawa ba. Ina amsa gaisuwa, amma hankalina yana kan abu ɗaya: curin man da ke bayan randa a ɗakinta. Shi ne abin da ta bar min, kuma in babu shi sana'arta ta bi ta kabari. Saboda shi nake wannan magana, don kada a tuna Iya da ƙaryar da aka yi mata a zaman makoki.

Sana'ar Iya man kaɗe. Fatake ke kawo ɗanyensa daga ƙasar Nufe a manyan ƙore, da ƙasarsa da ganyensa da warin hayaƙi. Ita ta narkar, ta tace, ta sake daskarar da shi a ƙananan ƙore. To wannan kowa ma yana yi, bambancin sai an ajiye. Man sauran mata ranar da aka yi shi ya fi na Iya kyau a ido, laushi luɓus kamar kindirmo. Bari bazara ta taɓa shi, sai ya yi zufa ya zagwanye. In ya sake kamawa kuma ya fito tsaki-tsaki, ki shafa wa jariri ya yi ta tsala ihu. Na Iya da tauri, sai kin murza shi a tafin hannu yake sakin jiki. Amma ki ajiye shi shekara, yadda kika bar shi haka za ki same shi.

Curin nan shi ne dalili, Iya tana kiransa uwa. Girmansa bai fi gwanda ba. Mahaifiyarta ce ta taho da shi daga Barno lokacin da suka zo Kano, Iya tana goye a baya. In mai ya narke ya huce, ya kai ɗumin da za ki tsoma ɗan yatsa ki bar shi a ciki, sai ta kankaro curin da bayan wuƙa ta barbaɗa a tukunya. Ta kama tuƙi da muciya a hankali har ya fara fari, sannan ta juye ta jera a inuwa. Kowace shekara kuma takan zaɓi wani dunƙule da ya ga bazara bai motsa ba, ta manna wa curin don kada ya ƙare.

Ina amarya na tambaye ta me ya sa ba za a tsoma ƙoren a ruwan sanyi ba, a huta da wannan tuƙi mai karya kafaɗa. Ta harare ni, ba ta amsa ba sai ranar aiki. Ta raba tukunya ɗaya gida biyu. Rabi ta tsoma a ruwan randa ya kama nan da nan, rabi ta barbaɗa masa uwa ta tuƙa. Da suka kwana biyu ta kife tasarta ta tagulla a kan katanga da hantsi, ta ɗora ɗan gutsure daga kowanne, ta ce in zo in tsaya.

Can ta ce, "Wanne ya fara zufa?"

Na ce, "Na ruwan sanyi, Iya."

"Tukunyarsu nawa?"

"Ɗaya."

"To kin gani. Mai ɗaya ne, zamansa ne iri biyu. Wancan a gurguje ya zauna, bai gama zama ba, shi ya sa 'yar rana kaɗan ta tashe shi. Wannan ya zauna ya miƙe ƙafa. Ni ba na musu da kowa a kan mai, rana nake tambaya."

Haka take yi wa kowane aiki, da gutsuren uwa a gefe guda, gutsuren sabo a gefe guda. In sabon ya riga zufa da nisa, tukunyar gaba ɗaya ta koma wuta, ko da dillaliya tana zaune tana jira. Na sha jin haushin wannan, don hura wutar da tuƙin duk a kaina suke ƙarewa. Ita tana gefe tana tauna goro tana cewa, "Hannunki ya yi sauri, wa ya biyo ki?"

Akwai gwaji na biyu, shi kuma na masu haƙuri ne. Takan danna mai laushin da nata a gwangwani ɗaya, ta rufe ta manta da shi. In aka buɗe bayan watanni sai a ga mai laushin ya fara tauri daga inda suka taɓa juna, taurin yana ci yana shiga ciki. Ba a taɓa ganin nata ya bi mai laushi ba. Takan ce min, "Wanda ya zauna ba ya komawa baya sai an sa masa wuta. In kuwa ya ga wuta ya manta komai, ya zama kamar kowane mai. Kada ki kuskura curin nan ya kusanci murhu."

Na ce akwai faɗa. Ta yi da mai itace, ta yi da dillaliya. Ta yi da ɗanta ranar da ya sayo mata langa mai fure daga kanti, wai ta daina zuba mai a ƙwarya kamar 'yar ƙauye. Ta ce ƙarfe yana ɗaukar zafi, ya kai wa mai sayar da alewa. Amma tana da wata ɗabi'a. In wanda suka yi musu ya dawo ya ce, "Iya, ashe ke ce da gaskiya," ba ta taɓa cewa ai na gaya maka. Sai ta kau da kai ta ce min, "Ke, ɗebo masa ruwa." Kuma da moɗarta, wadda ko ɗanta ba ya kai ta baki. Shi ke nan magana ta mutu, ba za a ƙara jin ta a bakinta ba.

Shekarar da ɗana na fari ya koma, na kwanta a ɗaki na ƙi ci na ƙi sha. Kowa ya zo ya yi min wa'azi ya tafi. Iya ba ta ce min uffan ba. Kullum da safe sai ta shigo da tukunyar mai da ɗuminta ta ajiye a gabana, ta ɗora min muciya a cinya, ta fita. In ban tuƙa ba mai ya lalace, kuma ta san ba zan iya zuba ido ba. Ina tuƙi ina kuka ina jin haushinta. Da haka na tashi.

Musu ɗaya ne bai mutu ba, na Uwar 'Yanbiyu. Wata 'yar ƙabilar Ibo ce a Sabon Gari, doguwa, mai zuba Hausa da sauri kamar ana korarta. Tana sayen man Iya ta murza shi da turare, ta cusa a ƙananan gwangwanaye ta sayar a kasuwa. Sun daɗe tare, tagwayenta ma da man Iya aka raine su. In ta zo a kan turmi take zama, su yi ta tsokanar juna. Ita ta ce Barebari ba su san ragi ba, Iya ta ce Ibo ba su san zama ba.

Wata rana ta shigo fuska a murtuke, da dunƙulen mai laushi na wata mata a hannu. Wai an gaya mata a kasuwa mai na gaskiya haka yake, mai tauri kuwa kyandir ake narkarwa a ciki.

Ta ce, "Iya, ki gaya min gaskiya. Kina sa kyandir?"

Na ga jijiyar wuyan Iya ta tashi. Ta ɗauko tasa ta kife, ta ɗora biyun a rana. Mai laushin ya zube, na Iya yana zaune.

Uwar 'Yanbiyu ta tafa hannu ta ce, "Kin gani! Abin da nake faɗa ke nan. Kyandir ne ba ya narkewa."

A wannan karon tasa ba ta raba gardama ba. Iya ta fizgo wani gwangwani daga kwandon matar, ta danna nata a gefe ɗaya, ta danna mai laushin a ɗaya gefen, ta rufe ta cusa mata a hannu.

"Tafi da shi gidanki, kada ki ce na taɓa. Ki sa a wuri mai sanyi. In kyandir ne, naki zai zauna da laushinsa, don kyandir ba danginsa ba ne. In mai ne, naki zai bi nawa. Ki buɗe bayan bazara ki zo ki gaya min. Kafin nan kada ki ƙara tako min gida."

Ta tafi. Bazara ta wuce ba ta zo ba. Shekara ta zagayo aka yi tashin hankalin nan tsakanin Fagge da Sabon Gari, hanyar da ake zuwa a dawo kafin tuwo ya nuna ta zama kamar ta wata ƙasa. Abu ya lafa, mutane suka koma cinikinsu, ita shiru. Iya ba ta aika ba, ba ta ƙara ambatonta ba. Amma duk sanda wata ta yi sallama da irin muryar nan sai in ga muciya ta tsaya a hannunta.

Ciwon daga ƙafa ya fara. Aiki ya tsaya cak, don hannu ɗaya ba ya jinya ya yi tuƙi. Man da ke gida duk a jikinta ya ƙare, ina murza mata gwiwa da baya safe da yamma, ƙwarya bayan ƙwarya. Da na kankare ta ƙarshe na ce, "Iya, in ɗan ɗebo a curi?"

Ta ce, "Taɓa ki gani. Ni ma ajiya aka ba ni."

Haka muka koma man gyaɗa, tana mita wai na mai da ita ƙosai. Ana gab da rasuwarta ta kama hannuna ta ce, "Matar nan ba ta zo ba?" Na ce ba ta zo ba. Ta ce, "Ta buɗe. Na san ta buɗe." Ta juya ta fuskanci bango.

Gwaggo, ƙanwar mahaifin mijina, ita ce mai riƙe kowane biki da kowace mutuwa a dangi. Daga Rijiyar Lemo ta zo da tabarmarta ta tare. Ranar sadakar uku ina ɗaki da masu gaisuwa sai wani ƙamshi ya taso daga murhu, ƙamshin da na sani. Na fito a guje, ɗankwali a hannu. Ga tanda a kan wuta, mata suna juya waina. Ga Gwaggo da ludayi, ga tsumman da Iya ke naɗe curin a yashe a ƙasa. Curin kuwa yana cikin kasko, ya narke ƙarƙaf ya zama ruwa.

Na ce, "Gwaggo! Me kika yi?"

Ta dube ni hankalinta kwance. "Abin da mamaci ya fi ji da shi, da shi ake masa sadaka, 'yar nan. Kowa ya san yadda take tattalin curin nan. Yanzu ladan zai iske ta inda take. Ko ɓoyewa kike so ki yi?"

To me zan ce? Don Allah ta yi. Abin da ya zo min baki kuma ba na faɗa wa babba ba ne, balle a gaban jama'a. Na koma na zauna. Rabin Fagge suka cinye curin Iya da miyar taushe, suna cewa ba su taɓa cin waina mai daɗin wannan ba. Ɗan ragowar da ke kasko na kwashe na ajiye a inuwa. Ya kama tsaki-tsaki kamar na kowa, ya manta komai yadda ta ce.

Bayan an yi bakwai na sayo ɗanyen mai. Na narkar, na tace, na tuƙa har kafaɗata ta sage. Na ɗora a tasa, kafin hantsi ya ɗaga ya yi zufa. Na mayar wuta, na rage sauri, na ƙara sauri, duk ɗaya. Na roƙi dillaliya ta bi gidajen da Iya ke sayar wa, ko wata tana da ragowa, ko da ɗan abin da ya maƙale a gindin ƙwarya. Ta dawo hannu rabbana. An daɗe ba a yi ba, duk an shafe.

Mijina ya dawo daga awon gyaɗa ya same ni tsugune gaban tasa. Ya ce, "Ki bar shi mana. Ga man Turawa nan a kwalba ya cika kasuwa, wa zai tsaya jiran na ƙwarya? Kin gaji."

Na ce, "Mahaifiyarka ce fa."

Ya ce, "Na sani." Ya shige ɗaki. Shi ma a gajiye yake, ban ga laifinsa ba. Na wanke muciyar na rataye, a raina na ce an gama.

Ana shirin arba'in na ji sallama da muryar nan. Uwar 'Yanbiyu ce, ta rame, ta yi furfura, da baƙin ɗankwali. Wai jiya ta ji a kasuwa. Ta durƙusa ta yi gaisuwa. Na amsa a tsaye, ban shimfiɗa mata tabarma ba, ban ba ta ruwa ba. Ta kwance bakin zanenta ta fito da gwangwani, duk ya yi tsatsa. Ta buɗe ta miƙo min. Mai ɗaya ne a ciki, fari, da tauri daga wannan gefe har wancan. Inda aka haɗa su sai wani ɗan siririn layi.

Na ce, "Yaushe kika buɗe?"

Ta ce, "Bazarar farko."

"Bazarar farko! La'ilaha illallahu. Kika kuma zauna? Tsohuwa ta mutu tana tambayar ki, kina nan Sabon Gari, nan kusa, kina gadin gwangwani?"

Ta sunkuyar da kai. "Kunya ce. Kullum ina cewa gobe. Sai faɗa ya zo, aka ƙone mana rumfa. Da abu ya lafa na ce yanzu ya yi nisa, da wace fuska zan je? Ban iya shafa shi ba, ban iya yar da shi ba. A gindin tulu yake duk shekarun nan."

Na so in ƙara mata, ƙarfin ne babu. Ina riƙe da gwangwanin ina huci, sai a lokacin na gane abin da ke hannuna. Na danna da babban yatsa, bai lotsa ba. Na shinshina, ya ɗan tsufa, amma shi ne. Hannun Iya ne ya danna shi, bai taɓa ganin wuta ba.

Na ce mata, "Ki dawo ranar Laraba da hantsi."

Na sauko da muciya. Na narkar da man da ya ƙi ni, na jira ya kai ɗumin yatsa, na kankaro na gwangwanin da bayan wuƙa na barbaɗa. Na kama tuƙi. Da ya fara fari na ji ya kama muciyar da wani nauyi da na daɗe ban ji ba. Ban gaya wa kowa ba, na juye na jera a inuwa.

Ranar Laraba ta zo. Na kife tasar a kan katanga, na ɗora gutsuren gwangwani a gefe, gutsuren sabo a gefe. Muka tsaya mu biyu muna kallo. Hantsi ya ɗaga, zufa tana bin wuyana, su suna zaune. Sai da tasa ta yi zafin da ba a iya ɗora mata hannu sannan suka fara sheƙi, kuma tare suka fara. Na fito da man daga gwangwani na yanka biyu. Rabi na naɗe a tsumman Iya, rabi na mayar mata, na ce ta ajiye a Sabon Gari inda Gwaggo ba ta zuwa.

Ta karɓa ta ce, "Ina ɗakinta?"

Na nuna mata. Babu komai a ciki sai gado da randa. Ta cire takalmi, ta ɗaga asabari ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ɗaga murya kamar lokacin da suke ciniki.

"Iya, na zo. Ba kyandir ba ne. Ke ce da gaskiya."

Kaji suna ta tono a tsakar gida, ita tana tsaye ta ƙi sakin asabarin. Na raɓa ta gefenta na shiga. Na sauko da moɗar Iya daga inda take rataye, na ɗauraye, na ɗebo ruwa a randa na miƙa mata.

Ta san moɗar. Ta karɓa da hannu biyu ta shanye tas, ta je ta zauna a kan turmi inda ta saba zama. Na zauna a ƙasa kusa da ita, sannan na yi kukan da ban samu na yi ba tun ranar da aka fita da Iya.

Allah ya jiƙan Iya, ya yafe mata faɗanta, ya ba ta inuwa mai sanyi inda ba abin da zai tashe ta.